Ina cikin mutane amma ni kaɗai nake: amsa ga wani matashi a Agege

Tambayar ta fito ne daga wani matashi da bai cika talatin ba, mai gyaran waya a Computer Village, kasuwar wayoyi da kwamfutoci da ke Ikeja, yana kwana a Agege. Shi ne babba a gidansu. A can gida ana ganin tunda yana Legas to kuɗi na hannunsa, kowa da buƙatar da zai aiko. Mahaifinsa ya yi masa zancen 'yar kawunsa, shi kuwa ransa bai kwanta ba. Yana son komawa karatu, 'yan majalisarsu na yi masa dariya, wai ya zama ɗan Ikko, ya fara ji da kai. A wurin aiki kuma har gobe sunansa "aboki". Ya rufe da cewa: "Kullum ina cikin mutane, ina dariya da kowa, amma idan na kwanta sai in ji kamar babu wanda ya san ni a duniya. In yanke hulɗa da kowa in yi rayuwata, ko in haƙura in bi abin da ake so?"

Ƙanena, Allah ya yaye maka. A cikin hanyoyi biyun da ka kawo babu wadda zan ɗora ka a kai. Aikina zama da masu irin wannan damuwa ne, akasarinsu 'yan Arewa mazauna garin nan, daga 'yan ci-rani har ma'aikatan ofis, kuma na ga waɗanda suka bi ta farkon, na ga waɗanda suka bi ta biyun. Wanda ya sauya lamba ya ɓace wa dangi yakan sami sauƙi na ɗan lokaci, sai ranar da ciwo ya kwantar da shi ko aka yi rasuwa a gida. Wanda ya ce to ga komai kuwa shi ne za ka gani yana da mata da 'ya'ya da shago, amma kullum a ƙufule yake, shi kansa bai san da wa yake fushi ba.

Bari mu fara da kaɗaicin, domin shi ne ya sa ka rubuto. Tun a 1973 wani masanin zamantakewa ɗan Amurka, Robert Weiss, ya raba kaɗaici gida biyu: akwai na rashin jama'ar da za ka shiga cikinsu, akwai na rashin makusanci guda wanda ya san cikinka. Na farkon ba shi ne damuwarka ba. Mutumin da ke kwana a Agege bai rasa jama'a ba: ga sahun asuba, ga teburin mai shayi, ga benci bayan isha'i, ga turereniyar shiga mota da safe a wajen Pen Cinema. Naka na biyun ne. Kuma idan ka sake karanta wasiƙarka za ka ga inda ya samo asali. Mahaifiyarka ta san wani yaro da in an buga masa waya yakan ce "lafiya lau, kasuwa alhamdu lillahi". Majalisa ta san wani mai barkwanci da ba ya ƙin biyan kuɗin shayi. Ikeja ta san wani ɗan Arewa mai hannu a gyara wanda ba ya magana da yawa. Duk ana son waɗannan mutum ukun, ana yaba musu. To amma yabon ba ya shiga jikinka, domin kai ka san ba kai ake yabo ba, wanda ka nuna ake yabo. Shi ya sa za ka tashi daga majalisa bakinka na ciwo don dariya, ka shiga ɗaki ka ji wayam.

Wani likitan yara ɗan Ingila, Donald Winnicott, ya yi bayanin wannan a 1960. Ya ce yaron da ya fahimci ana karɓarsa ne kawai idan ya zama yadda ake so yakan gina wata fuska ta waje don ya tsare abin da ke cikinsa. A cewarsa kowane mai hankali yana da ɗan wannan, shi ne ladabi da iya zama da mutane. Matsalar tana zuwa ne idan fuskar ta cinye mutumin gaba ɗaya. A gidajenmu ɗan fari ya fi kowa faɗawa wannan tarko, tunda tun yana ƙarami ake ce masa shi ne uban ƙannensa, ga kuma kunyar ɗan fari da ke hana iyaye zama su yi hira da shi. Da yawa daga cikinku kun girma ba a taɓa tambayarku me ke damunku ba, sai dai me kuka kawo.

Wani abu kuma da ya kamata ka sani: kaɗaici yana taɓa yadda mutum ke fahimtar mutane. John Cacioppo na Jami'ar Chicago ya shafe shekaru yana nazarin wannan, ya nuna cewa wanda ya daɗe cikin kaɗaici hankalinsa yakan koma kan neman alamar raini ko ƙiyayya, barcinsa yakan zama a gutsure, wasa ma sai ya ji shi kamar habaici. Ban ce 'yan majalisarku ba sa yi maka ba'a ba, suna yi. Amma ka bar wa kanka ƙofar cewa wani ɓangare na zafin da kake ji gajiyar zuciyarka ce ta ƙara masa nauyi. Kuma kada ka ɗauka kai ne bare a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a 2025 cewa kusan mutum 1 cikin 6 a duniya yana fama da kaɗaici, kuma abin ya fi yawa a tsakanin matasa da ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. A wannan bencin da kuke zama, da wuya a ce kai kaɗai ne.

Kafin ka yi fushi da sa-idon zango, ka san daga ina ya taso. Zaman Hausawa a Legas daɗaɗɗe ne. Tun 1863 Gwamna Glover ya kafa rundunar da aka riƙa kira Hausawan Glover, sannan da layin dogo ya isa Kano a 1911 fatauci tsakanin Kurmi da Arewa ya ƙara buɗewa, goro ya hau, shanu suka gangaro. Duk wannan harka a kan amana ta tsaya. Baƙo zai sauka a hannun mai gida, mai gida ya ba shi masauki, ya tsaya masa a ciniki, ya lamunce shi a ba shi kaya bashi. Wanda zai tsaya wa mutum kuwa dole ya san inda yake kwana, da wa yake yawo, yana sallah ko ba ya yi. Har yau haka ake a kasuwar Mile 12 da mayankar Oko-Oba. Ƙara da cewa jama'ar nan sun ga tashin hankali, irin na Idi-Araba a 2002 da na Mile 12 a 2016, sun ga yadda dokar hana acaba ta 2020 da ta 2022 ta raba ɗimbin matasa da abin yi a dare ɗaya. Mutanen da suka sha irin wannan sukan tsorata da duk wanda suka ga yana zamewa daga cikinsu. Idan suka ce ka zama ɗan Ikko, rabi tsokana ce, rabi kuma tambaya ce: har yanzu kai namu ne? Su ne dai za su yi karo-karo idan aka kama ka, su ne za su kai ka asibiti da tsakar dare. Wannan ba ya ba su ikon zaɓa maka rayuwa. Amma masu ce maka a intanet "ka rabu da duk wanda ba ya ƙara ka da komai" ba su taɓa kwana a Legas ba tare da wanda zai tsaya musu ba.

Aikin da ke gabanka shi ne ka zauna ka tsince haƙƙi daga cikin tsammani, domin a wasiƙarka ka haɗa su a buhu ɗaya, shi ya sa ya fi ƙarfinka. Ciyar da iyayenka idan ba su da hali, maganinsu, girmama su, sada zumunci, waɗannan haƙƙi ne, babu wata maganar neman kai da za ta sauke maka su. Amma sabuwar wayar ƙaninka, ankon bikin 'yar maƙwabta, gudunmawar da dole ta fi ta ɗan wane, ragon da za a gani a ce daga Legas aka aiko da kuɗinsa, waɗannan tsammani ne. In ka yi, alheri ne. In ba ka da shi, ba ka ci haƙƙin kowa ba. Addinin da ake kafa maka hujja da shi ma bai bar ka a baya ba. A cikin Bukhari akwai labarin Salmanul Farisi da ya tarar da Abud Darda'i ya duƙufa ibada har ya yi watsi da kansa da iyalinsa, ya ce masa Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, ranka yana da haƙƙi a kanka, iyalinka suna da haƙƙi a kanka, ka ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa. Da maganar ta je gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Salmanu ya yi gaskiya. Idan ibada ba ta zama dalilin tauye haƙƙin rai ba, anko ba zai zama ba.

Yanzu ga inda zan ɗan matsa maka. Wannan tsammanin da ya yi maka nauyi, kai ma ka taimaka wajen gina shi. Ban faɗa don in ɗora maka laifi ba, kusan duk wanda ya zo Legas haka yake yi. Sallah ta matso, mutum ya ci bashi ya ɗinka shadda kala biyu, ya nemo sababbin kuɗi na rabo, ya sauka a tasha da buhun burodin Agege da tsaraba, ya kwana bakwai yana fita kunya, ya dawo ya yi wata uku yana jiƙa garin kwaki. Mutanen gida ba su ga garin kwakin ba, shaddar suka gani. Ba su san cewa kuɗin haya a nan na shekara ake biya a dunƙule ba, ga na dillali ga na yarjejeniya. Ba su san abin da kuɗin mota daga Agege zuwa Ikeja ya koma ba tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Sun ji an ce mafi ƙarancin albashi a Jihar Legas ya kai naira 85,000 a 2024, ba wanda ya lissafa musu abin da wannan kuɗin ke saya a garin. To me zai hana su tambaya? A kan labarin da ka ba su suke lissafi. Mafi munin abin da nake gani yanzu shi ne masu rufe wannan giɓin da manhajojin bashi na waya, waɗanda in ka makara sai su bi lambobin da ke wayarka suna aika saƙon tozarci. Mutum ya ci bashi don kada asirinsa ya tonu, bashin kuma ya zo ya tona shi a gaban surukai. Ramin ƙarya dai ƙurarre ne.

Saboda haka tsayawa a kan gaskiyar kanka daga nan za ta fara, daga daina wannan 'yar ƙaryar ta rufin asiri ga mutanen da suka cancanci su sani. Mahaifiyarka ce ta farko. Na taɓa zama da wani matashi mai irin halinka, direban babbar mota ne da ke lodi a Apapa, muka shirya yadda zai yi wannan magana, ya buga wayar a gabana don ya ce in ya koma ɗaki ba zai iya ba. Bayan gaisuwa sai ya ce: "Inna, akwai maganar da na daɗe ina ɓoye miki don kada hankalinki ya tashi. Abin da nake samu a wata kaza ne. Haya na cin kaza, abinci kaza. Abin da nake aikowa, wani lokacin bashi nake ci. Daga yanzu zan riƙa aiko miki da kaza duk ƙarshen wata, ba fashi in sha Allahu, na abinci da magani. Sauran buƙatun, in akwai zan yi, in babu zan ce babu. Ki yafe mini." Hannunsa na rawa, wayar har tana buga masa kunne. Aka yi shiru a can ɓangaren, ina jin kukan awaki ta cikin wayar. Sai tsohuwar ta ce: "Yanzu kai duk shekarun nan da bashi kake ciyar da mu? Me ka ci yau?" Ba kowace uwa ce za ta amsa haka ba, wata za ta yi fushi tukuna, wata za ta ce wata mace ce ta juya ka. Amma ka lura da yadda aka gina maganar. Akwai adadi, akwai alkawarin da zai iya cikawa, akwai neman afuwa, babu zargin kowa. Kuɗi kaɗan da ke zuwa a kan lokaci ya fi wa gida amfani a kan mai yawa da ba a san ranar zuwansa ba, domin da shi ake iya auna hatsi.

Ƙanne da 'yan uwa kuwa ba sai ka buɗe musu littafinka ba. "Wallahi wannan watan babu hali" ta wadatar, kuma kada ka bi ta da dogon bayani, domin dogon bayani ciniki yake jawowa. Abin da zan hana ka shi ne ka ce "bari mu gani" alhali ka san babu, ko ka daina ɗaga waya. Waɗannan biyun su ne ke kashe zumunci. Kalmar babu ba ta kashe shi.

Maganar 'yar kawunka ta fi ta kuɗi nauyi, don akwai rayuwar wata a ciki. Na farko dai ka tambayi kanka tsakani da Allah, yarinyar ce ba ka so, ko kuwa zaɓin da aka yi maka ne ya tsaya maka a rai? Na ga waɗanda suka ƙi mace tagari don kawai su nuna sun isa, suka zo suna cizon yatsa. In ba ka san ta sosai ba, ka nemi izini ka je ku zanta, ka ji ita ma me take so, wataƙila ma tana da wanda take so tana jin nauyin faɗa. In kuma ka duba ka tabbata ranka bai karɓa ba, to ka faɗa da wuri, kafin a kai kuɗin gaisuwa, kafin magana ta fita gari. Shari'a ba ta ɗaura wa baligi mai hankali aure ba da yardarsa ba, kuma aure ne da za ka kawo yarinya Legas, ka ajiye ta a ɗaki ɗaya cikin gidan haya, nesa da uwarta, ba ta jin Yarbanci, mijin kuma ba ya ɗokin dawowa gida. Kaɗaicin da kake kuka da shi ka ninka shi ka ɗora mata ke nan. Biyayyar da za ta haifar da wannan ba ta taimaki mahaifinka ba, zumuncinsa da kawunka ne zai fara lalacewa ranar da auren ya mutu.

Sai dai ba a waya ake wannan ba, kuma ba kai za ka tsaya gaban mahaifinka ka ce ba ka so ba. Ka san yadda ake yi a gidajenmu. Ka nemi wanda yake jin maganarsa, aboki ne na ƙuruciya, ko gwaggonka, ko limamin unguwa, ka yi masa bayani dalla-dalla, shi ya kai. Ka bar wa tsoho hanyar da zai janye ba tare da ya ji kunyar kawun naka ba. Kuma ko wa za ka aura, dangi ko bare, ku yi gwajin jini, domin idan ku biyun kuna da AS, wato kuna ɗauke da ƙwayar gadon sikila, kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4 a haifi mai sikila. Amma kada ka fake da gwajin ka ƙirƙiro sakamakon ƙarya, na san ana yi. Ƙarya ce ta kai ka inda kake, ba ita za ta fitar da kai ba.

Akwai tambayar da ba ka yi ba wadda ni zan yi maka. Wannan "rayuwata" da kake son yi, ta wa ce? Legas ma tana da nata tsammanin, kuma ya fi na zango rashin tausayi. Mai gyaran waya kullum hotunan Lekki, unguwar masu kuɗi, da motoci da shagalin dare suna wucewa ta hannunsa. Abu ne mai sauƙi mutum ya kuɓuce wa idon Agege ya faɗa idon Instagram, yana ganin ya sami 'yanci alhali majalisa kawai ya sauya. Ba duk abin da rai ya raya ba ne gaskiyar mutum, wani son zuciya ne, wani kwaikwayo ne, wani kuma haushi ne. Yadda nake gwada wa mutane shi ne: abin nan da kake so, da babu wanda zai taɓa sanin ka yi shi, za ka yi? Ya daɗe a ranka ko bana ya zo? Kana iya faɗar sa a gaban mutumin da kake ganin girmansa ba tare da ka sunkuyar da kai ba? Kuma in an ce sai ka sha wuya a kansa, ka yarda? Karatunka, yadda ka kwatanta shi, ya tsallake duka. To ka daina kai shi majalisa ana jefa ƙuri'a a kai. Jami'ar karatu daga gida, NOUN, tana da cibiyoyi a Legas, an kuma tsara ta ne don masu aiki irinka. Ka je ka tambayi sharuɗɗa da kuɗin zango, ka yi rajista, ka ci gaba da zuwa shago. Ranar da wani a bencin ya rasa wanda zai cike masa takarda ko ya rubuta masa ƙorafi zuwa banki, za ka ga inda dariyar ta tafi.

Kuma ba lallai ne ka bar majalisar ba. Ka rage, ka je ka gaisa, ka sha shayinka, in an shiga cin naman mutane ka ce kana da karatu ka tashi. Abin da kake buƙata mutum ɗaya ne. A farkon shekarun 1950 Solomon Asch ya yi wani gwaji a Amurka: a zaunar da mutum cikin rukuni, a nuna musu layuka a tambayi wanne ya yi daidai da wanne, amsar a bayyane take, amma sauran duk an haɗa baki da su su ba da amsar kuskure. Kusan kashi 75 cikin 100 na waɗanda aka gwada sun bi jama'a aƙalla sau ɗaya, suna ganin gaskiya da idonsu. Da aka saka mutum guda a cikin rukunin yana faɗar amsar daidai, bin jama'ar ya faɗi ƙasa warwas. Mutum ɗaya tak. Ni a wurina wannan shi ne sakamako mafi amfani ga mai irin halinka, domin yana nuna ba sai zango duka ya fahimce ka ba.

Yadda ake samunsa kuwa ba a tashi ɗaya ba ne. Ka duba cikin waɗanda ka riga ka sani, wa ne ba ka taɓa jin ya kawo maka sirrin wani ba? Wa ne in ana yi wa wani dariya shi yakan yi shiru? Ka gwada shi da ƙaramar gaskiya, irin "wallahi watan nan na matsu", ko "kwana biyu ba na barci". Ka jira ka gani. In maganar ta dawo maka ta bakin wani, ka san matsayinsa, asararka kaɗan ce. In ya riƙe, ya kuma buɗe maka tasa, ka ƙara. Zai iya zama dattijo, zai iya zama malamin da kuke ɗaukar karatu a wurinsa bayan magariba, zai iya zama Bayarabe ko Ibo da kuke benci ɗaya a layin Otigba na Computer Village kuna musayar kayan gyara. Kada ka raina wannan na ƙarshen. Mutumin da ya shekara yana kiranka aboki, sau da yawa don ba ka taɓa ce masa ga sunana ba ne. Ka gaya masa cikin raha, ka maimaita har ya zauna. Wasu ba za su sauya ba, amma za ka yi mamakin yawan waɗanda za su sauya, har su fara tambayarka labarin garinku.

Kada in rufe ka, akwai farashi. Watannin farko za su fi yanzu ɗaci. Za a ce ka yi kuɗi ka sauya, za a ce an shanye ka, wani ƙanin zai daina gaishe ka, wata gwaggon za ta yi maka habaici a taron suna. Kai kanka za ka riƙa jin kamar ka yi laifi duk lokacin da ka ce babu, domin jikinka bai saba ba. Wannan jin ba hujja ba ce cewa ka yi kuskure. Ka auna kanka da abin da ke hannunka: na aika na wata? Na kira Inna ranar Juma'a? Na je gaisuwar rasuwa? Na yi wa wani rashin kunya? In amsoshin sun yi daidai, to ka bar maganar mutane ta bi iska. Yawanci dangi sukan saba da sabon tsari cikin 'yan watanni idan suka ga ba ya sauyawa kuma babu wulaƙanci a ciki. Abin da ke hana su sabawa shi ne yau ka ce babu, gobe a matsa maka ka ciwo bashi ka bayar, sai kowa ya gane cewa babunka tana da magani.

Abu na ƙarshe, kuma a nan da bakin aikina nake magana. Kaɗaici daban, cutar tsananin damuwa daban, amma na farkon yana iya kai mutum ga na biyun. Idan ka kai mako biyu ko fiye kusan kullum ranka a ɓace, abin da kake jin daɗinsa da ya fita daga ranka, barci ya ƙi ko ya yi yawa, abinci ba ya shiga, hannunka ya daina tsayawa a kan aiki, to wannan ya wuce shawara a rubuce, likita za ka gani. Haka nan idan ka fara neman sauƙi a tramol ko kodin ko cacar ƙwallo. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne, ka haɗa su. Akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Yaba, wanda yake nan tun 1907, kuma ba sai wanda ya fita hayyacinsa ke zuwa can ba, duk da abin da mutanen gari ke faɗa. Akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Jami'ar Jihar Legas, LASUTH, da ke Ikeja, kusa da wurin aikinka, akwai kuma a asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, LUTH, da ke Idi-Araba. In Turanci zai ba ka wahala wajen bayyana abin da ke ranka, ka tafi da wanda ka amince da shi, ko ka rubuta abubuwan a takarda tun daga gida. Idan kuwa tunanin cutar da kanka ya taɓa zo maka, ko sau ɗaya ne, kada ka kwana da shi kai kaɗai. Ka tashi wani a gidan a daren, ku nufi sashen gaggawa na asibiti mafi kusa, ko ku kira 112 ko 767, lambobin agajin gaggawa na Jihar Legas.